Bencin Minti Goma

Shekara goma sha tara ina koyar da 'yan aji uku, kuma ba na jin akwai ƙaryar da yaro zai yi da cikinsa wadda ban taɓa ji ba. Ciwon kai suna tsoronsa, don da an taɓa goshi asiri ya tonu. Ciwon ƙafa sai da ɗingishi, shi kuwa ɗingishi wuyar riƙewa gare shi, yaro yakan manta wace ƙafar ce. Amma ciki babu mai leƙawa. Da na ce a fito da littafin lissafi, sai in ga hannu ya tashi daga can baya, ana yamutsa fuska: Malama, cikina.

Sai na yi wa abin dabara. Akwai wani benci a jikin taga, ƙafarsa ɗaya gajeriya ce, mun tokare ta da nannaɗaɗɗen kwali. Duk wanda ya ce cikinsa, ba na musu da shi, ba na duka. Cewa nake yi ya je ya zauna a benci, minti goma. Ina ci gaba da darasi ina kallonsa ta wutsiyar ido. Can sai in saki dastar goge allo da gangan ta faɗi a ƙafata, in yi tsalle kamar kunama ce ta harbe ni. Aji ya kwashe da dariya. Idan na benci ya dara, ya koma kujerarsa ya ɗauki fensir. Idan minti goma suka cika yana duƙe, sai in tura shi ofishin hedimasta a kira gidansu. Cikin goma, tara suna darawa. Malaman sauran azuzuwa har kwaikwayona suka yi, ni kuwa ina jin kaina, ba zan ɓoye ba.

Allura ita ce autata. Babanta ne ya laƙaba mata sunan saboda rama, don komai za ta ci ba ya zama a jikinta. Tun tana ƙarama takan duƙe bayan cin abinci, ta riƙe cibiya, wani lokaci ta yi amai, amma kafin ka gama neman takalmin fita ta miƙe tana guje-guje da yayyenta. Sau uku muka kai ta ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Na farko aka ba ta maganin tsutsa, na biyu aka ce iska ce. A na ukun likita yana danna mata ciki tana ƙyalƙyala dariya wai yana mata cakulkuli, ni kuma kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. A hanyar gida na ce mata ba za ta sake mayar da ni abin kallo ba.

Da ta cika shekara takwas ta shigo ajina. Tun ranar farko na tsayar da ita a ƙofar makaranta na ce daga nan zuwa ciki ba ta da uwa, Malama gare ta. Ba na so a ce ina fifita 'yata, don haka nata hukuncin ya fi na kowa tsauri. Babu wanda ya zauna a bencin nan kamar ta. Kuma kullum, kafin minti goman su cika ko jim kaɗan bayan haka, sai ta miƙe zaune, fuska ta washe, na saki dasta ta fi kowa dariya. Me kuma nake nema bayan wannan shaida?

Babanta mai gyaran famfo ne, mutum mara yawan magana. Sau ɗaya ya taɓa ce min idan abin ya kama yarinyar nan leɓenta fari yake yi, shi kuma bai san ƙarya tana sa leɓe fari ba. Na ce masa shi famfo ya sani, ni yara na sani, kowa ya tsaya a aikinsa. Ya ci gaba da goge sifanarsa.

Ranar Talata ce, ranar gwajin lissafi. Da safe ta ɗan kurɓi shayi ta ture kofin. Tara da minti goma na gama rubuta tambayoyi a allo, na juyo na ga hannunta a sama. Ban ma bari ta faɗa ba, na nuna mata benci da alli.

Minti biyar suka wuce, na saki dasta, na yi tsallena. Aji ya dara, ita ba ta ɗago ba. Minti goma suka cika tana nan duƙe, goshinta a kan gwiwa. Bisa dokar da ni na kafa da bakina, lokacin tura ta ofis ya yi, da ɗiyar wani ce kuwa da na tura. Amma sai na ce a raina ai wannan gida ɗaya muke kwana, ta sha jin ina ba babanta labarin dasta, ta gano lagona ne. Na ƙara mata minti goma.

Tara da rabi ta yi amai a ƙasan benci. Na je na duba, na ga kore ne shar, ba ruwan ɗorawa ba, kore kamar an matse ganye. Shekara biyu kafin nan wani ɗan ajina ya taɓa tauna jan alli ya tofar ya ce jini ne, aka ɗauke shi a guje, a hanya ya fashe da dariya. Ban manta da shi ba. Na koma tebur na buɗe gwangwanin da nake ajiye alli masu launi. Ga fari, ga ja, ga shuɗi, ga ruwan ɗorawa. Babu kore.

Ran nan na ji wani irin ɓacin rai. A gaban yara arba'in da biyu, 'yar da na haifa ta sace min alli ta tauna don gudun lissafi. Na tsaya a kanta na tambaye ta ina koren allina.

Ta ɗago da ƙyar ta ce, "Mama, ban ci ba."

Aji ya ɗauki dariya, don ba su taɓa jin ta kira ni haka ba. Na ce, "A nan Malama nake." Na ce za ta zauna a wurin har a kaɗa ƙararrawar hutu, idan kowa ya fita kuma ta rubuta gwajin ita kaɗai. Na tura mata bokitin shara da ƙafa, na aika a kira mai goge-goge, na koma bakin allo.

Inna mai shara tana can ɗaya ginin tana wanke bayi, ba ta samu zuwa ba sai da aka dawo daga hutu, sha ɗaya da rabi ta gota. Kafin nan Allura ta sake amai sau biyu a bokitin. Ta daina nishi, ta kwanta a gefe ɗaya a kan bencin, takardar gwajin tana ƙasa ko sunanta ba ta rubuta ba. Ni a ganina fushi take yi da ni.

Inna tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ba ta shiga sabgar kowa. Abin da na sani game da ita kawai shi ne ta yi shekaru tana goge-goge a sashen yara na babban asibiti kafin hawa bene ya gagare ta. Ta shigo da tsummanta da ruwa, ta leƙa bokitin, sai ta ajiye tsumman a ƙasa. Ta tambaye ni tun yaushe. Na ce alli ta ci, ta goge kawai. Ta duƙa da ƙyar, ta buɗe bakin yarinyar ta duba haƙoranta, ta karkata bokitin wajen hasken taga. Ta ce alli yana barin gari a ƙasan ruwa, yana maƙalewa a haƙori, wannan kuwa babu ko ɗaya.

Na ce, "Inna, ni fa na san 'yata."

Ta ce, "Malama, ni ban yi boko ba. Amma a inda na yi aiki, idan na ga wannan launin a kwano, ba a bari in zubar sai likita ya gani. Kuma ban taɓa ganin likitan da ya gani ya ci gaba da tafiya a hankali ba."

Na ce ai ga shi ma ta yi shiru, ciwon ya lafa. Ta ce shirun ne ba ta so.

Sai a lokacin na taɓa ta. Tun safe ban taɓa ta ba. Jikinta sanyi ƙalau, gumi ya jiƙa mata wuya, cikin ya kumbura ya yi tauri, leɓen nan fari fat kamar yadda babanta ya faɗa. Na kira sunanta ta buɗe ido ta mayar ta rufe. Ban san lokacin da na suri yarinyar ba. Na bar aji a buɗe, na bar jakata, Inna ce ta biyo ni da jakar har bakin titi tana jan ƙafa, ta tsayar mana da tasi, ta ce wa direba babban asibiti, kada ya tsaya a ƙaramin.

A sashen gaggawa nas ɗin da ta tare mu ta fara rubuta suna da shekaru a natse, har sai da ta tambayi launin aman. Na nuna mata gaban rigar makarantar. Ta ajiye biro ta ƙwala wa wani kira. Daga nan komai ya koma gudu. Aka sa mata ƙarin ruwa a hannu biyu, aka zura mata siririyar roba ta hanci, koren ruwan nan ya dinga gangarowa cikin leda. Aka tura ta ɗakin hoto aka dawo da ita. Babanta ya iso da jakar kayan aikinsa a kafaɗa, ƙafar wandonsa a jiƙe, daga ƙarƙashin wani wurin wanke-wanke na kira shi.

Likitar tiyatar yara mace ce gajeriya, furfura ta fara leƙowa ta gefen hularta, maganarta da sauri. Tambayarta ta farko ita ce ƙarfe nawa koren aman ya fara. Wallahi sai da ƙarya ta zo min har bakin harshe, na ji ina so in ce sha ɗaya. Na ce tara da rabi. Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango, ɗaya saura minti goma. Da ma ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Ta cire abin auna ƙirji daga wuyanta, ta riƙe robarsa ta murɗa sau biyu a gabanmu. Ta ce tun yaro yana cikin uwa hanjinsa yake juyawa ya zauna a mazauninsa, ya manne a jikin bayan ciki. Na Allura bai gama juyawar ba, bai manne ba, yana rataye ne a kan siririn gindi, kuma ta wannan gindin jijiyoyin jininsa suka bi. Haka aka haife ta, ba abin da ta ci ba ne, ba laifin kowa ba ne. Yawanci tun suna jarirai abin yake bayyana, wasu kuwa sai sun girma. Yau hanjin ya murɗe a kan gindin. Koren nan ruwan maɗaciya ne da ya rasa hanyar wucewa ya dawo sama.

Babanta ya dubi robar ya ce idan tiyo ya murɗe haka ruwa ba ya wucewa. Ta ce to a nan jini ne ba ya wucewa, hanjin da ya rasa jini kuma mutuwa yake yi, awa-awa ake lissafawa. Ta tambaya ko ta saba ciwon ciki mai zuwa ya tafi. Muka ce tun tana ƙarama. Ta ce wannan shi ne hanjin yana murɗewa yana warwarewa da kansa, yau ne ya ƙi warwarewa.

Na ji bakina yana tambaya, in zai warware da kansa minti nawa yake ɗauka.

Ta ce, "Ya danganta. Wani lokaci goma, wani lokaci sha biyar."

Ta miƙo takardar amincewa da tiyata, ta shafa aljihunta ba biro. Na ce ina da shi. Na zura hannu a aljihun rigata, irin dogayen rigunan da nake sawa don aiki, na zaro abin da yatsuna suka taɓa. Koren alli ne, guntu, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Jiya Litinin na zana musu ganye a darasin kimiyya, aka kaɗa ƙararrawa ina tsakiyar zane, na jefa shi a aljihu. Tun safe yana jikina, ina tsaye a kanta ina tambayarta ina yake.

Babanta ne ya sa hannu a takardar.

Aka shige da ita. Muka zauna a wani dogon baranda mai kujerun roba a jere, ana ta wucewa da gadaje. A nan na faɗa masa komai, ban rage ba: benci, dasta, ƙarin minti goma, gwangwanin alli, da abin da ta ce da abin da na mayar mata. Ina jira ya ce ai ya faɗa min, na ma shirya karɓa. Bai faɗa ba. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya tashi. Akwai wurin wanke hannu a ƙarshen barandar, famfonsa yana ɗiga tun zuwanmu. Ya buɗe jakarsa ya durƙusa ya kwance kan famfon ya canza masa roba ya ɗaure, babu wanda ya sa shi. Da ya dawo ya zauna sai ya bar kujera ɗaya tsakaninmu. Can bayan la'asar ya matso ya cike ta.

Awa uku da rabi suka yi. Likitar ta fito da hular a hannu, ta ce tana da rai, za ta tashi. Murɗi biyu suka samu. Sun warware, sun lulluɓe hanjin da ƙyalle mai ɗumi sun tsaya suna jira su ga ko launinsa zai dawo. Mafi yawansa ya dawo. Wani yanki bai dawo ba, ya riga ya yi baƙi, ta nuna tsawonsa daga gwiwar hannunta zuwa kan yatsu, ta ɗan ƙara. Sun yanke shi sun haɗa sauran, sun buɗa gindin yadda zai yi wuya ya sake murɗewa. Abin da ya rage zai ishe ta ci da girma, sai dai za a sha fama da gudawa na wasu watanni, kuma duk ranar da aka sake ganin kore, ko tsakiyar me ake a taho.

Na tambaye ta da na kawo ta tara da rabi fa. Babanta ya taɓa min hannu wai in bari, na ƙi.

Ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba. Mai yiwuwa da ba mu yanke komai ba. Mai yiwuwa kuma da mun yanke. Abin da na tabbatar shi ne da kun kai la'asar, da wata maganar muke yi yanzu." Ta tambaya wa ya ce mu taho. Na ce mai sharar makarantarmu. Ta ce in gaishe ta.

Na ɗauka mafi wuyar ya wuce. Ashe yana gaba.

Washegari da hantsi Allura ta farka sosai. Ga roba a hanci, ga ƙarin ruwa, ga filasta tun daga cibiya. Ina zaune a gefen gadon. Nas ta zo da faranti, wata mai ƙiba mai fara'a da ke kiran kowane yaro maigidana ko uwar ɗakina. Ta ce uwar ɗakina, akwai ciwo? Allura ba ta dubi nas ba, ni ta duba. Ta ce babu. Bayan awa biyu aka sake tambaya, ta sake dubana, ta ce babu. Yatsunta kuwa sun damƙe zanin gado har sun yi fari, gumi yana tsattsafo mata a goshi, numfashinta guntu-guntu don kada cikin ya motsa.

Nas ta ja ni waje. Ta ce shekararta goma sha wani abu a wannan sashe, ba ta taɓa ganin wanda aka buɗe wa ciki jiya ya ce babu ciwo yau ba. Za ta ba ta maganin ko ba ta faɗa ba, amma ba a nan matsalar take ba. Idan ɗinkin da ke ciki ya saki, ko wani abu ya taso, bakin yarinyar ne zai fara gaya musu kafin kowace na'ura. Yarinyar da ba ta faɗin ciwo hatsari ce a wurinsu, kuma za ta zama hatsari a gida. Ta ce ba ta san me ke tsakaninmu ba, ba kuma ta tambaya ba, amma ta lura wa ake kallo kafin a ba da amsa.

Na koma ciki. Shekara goma sha tara ina magana a gaban yara, ran nan na rasa ta inda zan fara. Na janye kujerar na durƙusa a ƙasa yadda fuskata za ta zo daidai da tata. Na ciro allin, don har lokacin rigar jiya ce a jikina, na ɗora mata a tafin hannu. Na ce a aljihuna yake, ni na sa shi, na manta. Na ce ba ta ci ba, ba ta taɓa yin ƙarya ba, ko sau ɗaya, duk zaman da ta yi a bencin nan ciwon gaske ne. Na ce ni ce na yi kuskure, ta yafe min.

Ta juya allin a hannunta tana kallo. Sannan ta tambaye ni a hankali, muryar ta dushe saboda robar:

"A nan wace ce ke?"

Na ce, "Mama. A nan da can da ko'ina."

Ta dube ni irin duban da ni nake yi wa na benci, ta wutsiyar ido, tana jira ta ga ko zan canza. Sai ta ce:

"Mama, yana ciwo."

Na ce na yarda. Ban duba agogo ba, na tashi na kira nas.